Wadda Sadiya Ke Kira Mama

Daura

Zuwa ga autata Sadiya,

Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya. Kin zo Daura ke da malamarki, Farfesa Haulatu, kun wuni a makarantun Sandamu da Baure kuna leƙa bakin yara. Gidanmu kuwa a tsaye kuka gaishe ni, ko dambun da na yi miki ba ki taɓa ba. A gabana kika karɓi jakarta kika ce, "Mama, kawo in riƙe." Na ji da kunnena.

Yayanki Audi ya ce ana neman likitan haƙori a nan. Ki dawo gida.

Mahaifiyarki,
Hajo

Kano

Inna,

Ina gaishe ki da girmamawa, a gaishe da Yaya Audi. Ki yafe mini maganar dambu, wallahi sauri muke yi. Mama kuwa, duk ɗalibai haka suke ce mata.

Binciken da muke yi a kan yaran da haƙoransu suka turo gaba ne. A Baure na ga yarinyar da ta daina zuwa aji saboda tsokana. A nan ina koya wa sababbin likitoci yadda ake sa wayar ƙarfe a baki a daidaita haƙora. In na dawo, cire haƙori zan riƙa yi kawai. Amma tunda kin ce in dawo, na gaya wa Farfesa zan ajiye aiki.

Ki sa mini albarka.

'Yarki,
Sadiya

Kano

Hajiya Hajo,

Assalamu alaikum, ina fatan iyali suna lafiya. Ni ce Haulatu, wadda kika yi wa kallon da har yau ban manta ba.

Na kusa yin ritaya, kuma Sadiya nake so ta riƙe sashen nan bayana. Ban taɓa koyar da mai hannu irin nata ba. Na zaunar da ita, na lallashe ta, har faɗa na yi mata. Ta saurare ni tsaf, sannan ta ce, "Inna ta riga ta yi magana." Shekaru na yi ina gina ta, ke kuma da 'yar takarda kika ɗauke ta. Ba na jin akwai mai barin wani abu domin na faɗa, ko a cikin 'ya'yan da na haifa.

Ban iya roƙo ba, amma ga shi ina roƙonki. Ki bar mini ita.

Na gode, a huta lafiya.
Haulatu

Daura

Farfesa,

Wa alaikumus salam. Saƙonki ya iso, na karanta na sake karantawa.

Ki gaya mata ta zauna. In aiki ya sha mata kai mantawa take da abinci, ki riƙa lura. Da Sallah kuma a ɗakina za ta kwana.

Aronta na ba ki. Aro fa na ce.

Wassalam,
Hajo, uwar Sadiya