Mutumin da ke neman lambar sirrin Umma

Zuwa ga Yaya Rabi,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ke da maigida da yara. Yaya ruwan Fatakwal? Mu nan Tudun Wada lafiya lau.

Yaya, shafin da kika buɗe wa Umma na sayar da alkaki ya yi shiru. A da, duk mai neman kayan gara a waya mu yake fara gani. Yanzu AI ne ke ba da amsa kai tsaye, kuma wata mai alkaki a Kwangila yake ambata.

Jiya wani baƙo ya yi sallama a zaure, wai zai sa AI ya riƙa faɗin sunanmu idan aka ba shi lambar sirrin shafin. Umma ta ce, "Ke 'yar boko, ba shi mana." Na ce sai na tambaye ki. Ban yarda da shi ba. Wa ya gaya masa cinikinmu ya tsaya? Kunya ta hana ni tambayarsa.

Ya ce zai dawo ranar Asabar. Don Allah ki kira Umma kafin nan, maganarki take ji.

Ki sa mu a addu'a, ki gaishe min da yara.

Ƙanwarki,
Sa'adatu