Wadda Balarabe Yake Jira

Asabar, 14 Maris 1998
Wata ɗalibar jami'a ta zo, Sundus, jikar mutanen Damagaram, amma a nan ƙasa mai tsarki aka haife ta. Tana bincike kan waƙoƙin marigayi mijina Balarabe, waɗannan nasa na zamani marasa amsa-amo. Ina yi mata Hausa, tana mayar mini da Larabci. Na kawo shayi, har ya huce tana lissafo sunayen masana falsafa.

Talata, 17 Maris
Wai waƙarsa ta "Jira" ba mace ake nufi ba. Daga littattafan falsafar da ya karanta a Khartum ya ɗauko, inda jiran abin da ba ya zuwa shi ne rayuwar ɗan Adam. Na yi dariya. Na ce, 'yar nan, ga wadda ake jira a gabanki, da ciwon gwiwarta. Shi da bakinsa ya rera mini ita makon aurenmu. Ta ce, "Tayyib, ya khala," wato "to, inna," ta rubuta wani abu.

Juma'a, 20 Maris
Na rera ta ina wanke-wanke. Ban manta ko baiti ɗaya ba.

Alhamis, 26 Maris
Badaru, abokin Balarabe na makaranta, ya iso cikin alhazan Kano. Na je masaukinsu kusa da Harami, na tafi da Sundus don ya kashe mata baki. Ni na jawo wa kaina.

"Ai Hajiya, wannan tun muna Khartum ya yi ta. Ya ishe mu da ita a ɗaki, shi da littafin wani Bature."

Lokacin ko sunana Balarabe bai taɓa ji ba. Yarinyar ta sunkuyar da kai, ba ta rubuta komai ba. Muka hau tasi muka koma unguwarmu, Al-Sih.

Lahadi, 29 Maris
Ba ƙarya ya yi mini ba. Bai taɓa cewa tawa ce ba, ni na ɗauka, ya bar ni. Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma babu wanda zan yi wa faɗa.

Asabar, 11 Afrilu
Gidan shiru. Ban rera ba.

Asabar, 2 Mayu
Sundus ta dawo, wai za ta cire babin da ta rubuta kan waƙar in ina so. Da Hausarta mai ɗingishi ta faɗa. Na ce ta bar shi.

Na sa ta fassara mini abin da Baturen nan ya ce kan jira. Don in ji shirmen ne kawai. Da ta kai ƙarshen shafi ta tsaya, sai na ji bakina ya ce ta ci gaba.