Igiyar Rijiyar Inna

Kara-Kara, Damagaram
Watan Afrilu

Zuwa ga ƙanena Safiyanu,

"Yaya, ko ɗigo ɗaya ba za mu taɓa ba, iska ce kawai za ta sanyaya na'urorin." Haka ka faɗa a zauren Gwaggo Hajjo a Tirmini, hannunka a ƙirji, ranar da muka ba kamfaninku gonar Baba. Na fara da maganarka don kada ka ce an manta.

Bayan haka, assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, da Zainaba da yara. Yaya zafin Yamai? Mu nan lafiya lau, sai ƙafar Gwaggo da ta matsa mata. Na koma ga takarda ne saboda wayarka ta daina gane lambata.

Kulu matar Nomau ta zo mini daga Tirmini neman ƙarin igiya. Ka san tun da Inna ta sa aka gina rijiyar nan sadaka ga Baba, gidanmu ke sayen igiyar guga. Inna ta yi har ta rasu, ni na ɗauka. Tsawon da ta auna da hannunta shi nake saye kullum, ko a shekarar fari bai taɓa kasa kaiwa ruwa ba. Bana wannan ne ƙari na uku. Kulu ba ta zarge mu ba. Cewa kawai ta yi tun da aka kunna ginin ɗan Inna ruwa ke gudu ƙasa. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Ban yi karatun injiniya ba, amma furfurata a ajin kimiyya na lise, wato sakandare, ta fito, kuma na karanta duk abin da na samu kan irin gininku. Ɗakuna ne cike da na'urori masu ajiye hotuna da takardun mutane, ba sa hutawa, suna zafi kamar murhu. Ruwa na zagayawa cikin bututu ya kwashe zafin, ya fito waje, manyan fankoki su huce shi, ya koma. Har nan na yarda. To a watan nan, da iskar Damagaram ta fi ruwan wanka zafi, wace fanka ce za ta huce shi? Ka tuna randar Inna. Zufa take yi kafin ta yi sanyi, kuma abin da ta zufar daga cikinta yake raguwa. Abin da na karanta ya ce a ƙasashe masu zafi feshin ruwa ake yi wa bututun. Ka san da haka ranar da ka dafa ƙirji?

Ka ba ni amsa a fili. Ka gaida Zainaba, ka shafa mini kan yara.

Yayarka,
Ummul Khairi

*

Kara-Kara, Damagaram
Watan Mayu

Safiyanu,

Assalamu alaikum. Ina fatan kun tashi lafiya, kuma murar ƙaramin ta sake shi. Gwaggo na gaishe ka. Kullum sai ta tambaya ko ka kira, ni kuma na gaji da yi maka ƙarya.

Amsarka ta iso, layi biyu a waya: damina ce ba ta yi kyau ba, in kwantar da hankalina. Kashegari sai ga motar ruwa ta kamfaninku a bakin rijiyar, mata na ta layi da bido, jarka bayan jarka. Idan laifin damina ne, me ya kawo motarku? Ban taɓa jin kamfani ya biya wa gajimare diyya ba.

Duk da haka na ce kada in zalunce ka. Na je da kaina. Na sa Nomau ya kai ni tsohuwar rijiyar da ke can bayan tudu, nesa da ku. Ta ja baya, kamar yadda take yi duk bazara, amma igiyarsu ta bara suke amfani da ita. Damina ɗaya ta sauka a kan rijiyoyin biyu, Safiyanu.

Daga nan na zagaya gininku da tsakar rana. Ta gaba ba abin cewa: fenti fari, tuta, allon hasken rana jere kamar a hoto. Ta baya kuwa, inda tsohuwar tsamiyar Baba take, ciyawa na tarar kore shar a gindin katanga, a watan da ko akuya ta daina neman ɗanye. Na ji kukan kwaɗi. Sama da katangar wani farin tururi ke tashi a kan fankokin, iska ta kaɗo shi ya sauka a fuskata, da sanyinsa. Mai gadi ya ce furajin da aka haƙa, wato rijiyar burtsatse, na banɗakin ma'aikata ne, ya kuma ce kai ka hana a buɗe wa kowa ƙofar baya, har ni. Ma'aikatan da na gani ba su cika mota ɗaya ba. Wane irin ciki ne da su?

Yanzu guga da laka yake dawowa. Gwaggo ta ce a ɗiba mata na rijiyar duk da haka, ita ba ta shan na mota, wai na Inna take so. Kulu na tace mata da ɗankwali.

Abin da ke hana ni sukuni shi ne, ban san wanne ne kai ba: wanda aka yaudara, ko wanda ya sani. Ni na goye ka. Na san yadda kake sosa kunne idan kana ɓoye abu, kuma yanzu da nake tuna ranar zauren, ina ganin hannunka ɗaya a ƙirji, ɗayan ban san inda yake ba.

Allah ya tsare. Ka gaida mutan gida.

Yayarka,
Ummul Khairi

*

Kara-Kara, Damagaram
Farkon watan Layya

Ƙanena,

Assalamu alaikum. Ina fatan lafiya, da shirin Salla. Na gode da turmin atamfar da Zainaba ta aiko, ka ce mata ya yi kyau.

Katin gayyata ya zo. Za a yi bikin buɗe gini bayan Salla, manyan baƙi za su zo daga Yamai, an ba ni kujera a gaba, har ana roƙon in yi ɗan jawabi da sunan iyalin da suka ba da fili. Na amsa musu zan zo.

Ga abin da nake so. Kafin ranar Arfa ka iso Tirmini. Ka buɗe ƙofar baya, mai gari da Nomau da ni mu ga inda tiyon furajin ya nufa. Ka ja guga ɗaya da hannunka, ka kai wa Gwaggo abin da ya fito, ka gaya mata gaskiya. Idan ni ce na yi kuskure, a wannan zauren zan durƙusa in roƙe ka gafara gaban kowa, ba zan ji kunya ba. Idan kuwa feshi kuke yi, a rufe shi har ruwan Inna ya dawo, ku nemi wata dabarar. Don ita aka kai ka karatu.

Idan rana ta faɗi ranar Arfa ban gan ka ba, to mu haɗu a bikin. Na sayi sabuwar igiya na ba Kulu, na karɓo tsohuwar. Tana nan cikin jakata da ƙullinta uku, ban wanke lakar ba. Da an miƙo mini abin magana zan warware ta gaban baƙinku, in ba ka kan da Inna ta auna ka riƙe, ni in yi ta ja da baya har ta ƙare. Daga nan sai in maimaita musu alkawarinka, kalma bayan kalma, in zauna.

Ɗakinka na nan a share. Ka zo, Safiyanu.

Yayarka mai son ka,
Ummul Khairi