Yatsan Umma da Akwatin Allura

Yaya Sadiya,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya su Hanif? Mu nan Gyadi-Gyadi ƙalau muke.

Wasu masu duba lafiyar ma'aikata sun je asibitin su Umma suna tambayar nas-nas ko aiki na cutar da su. Kin san mutanenmu, kowa sai ya ce, "Lafiya lau." Umma kuwa ta nuna yatsanta da allurar da aka yi wa wani majinyaci ta soke, ta ce, "Malam, gaisuwa daban, gaskiya daban. Akwatin zubar da allura ya cika maƙil."

An kawo sababbi. Gwajin jininta ma ya fito ƙalau, na daina kuka a ɓoye.

Ki taya mu godiya ga Allah, ki gaida kowa.

Ƙanwarki,
Amina