Waƙar Iya Alheri

Yaya Binta,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ya gida, ya ƙafar taki? Ya Malam da yara? Mu nan lafiya lau, sai dai raina ba daɗi.

Kin tuna waƙar da Iya Alheri, ƙawar Kaka, take yi in tana mana kitso, wadda ba ma jin yarenta? Ranar Asabar a kasuwar Woolwich jikata ta hau kuka, na shiga rera mata ita. Sai wata dattijuwa 'yar Ghana mai sayar da doya ta kama hannuna, ta ce, "Hajiya, ina kika samu wannan? Yaren kakana ne."

Na ce ta fassara mini. Ta ce yarinya ce ke roƙon fatake su gaya wa uwarta tana raye.

Yaya, mu da muke tafi muna dariya! Mun san an sayo Iya Alheri tana ƙarama. Mun san da aka hana bauta an ce ta tafi, ta zauna. Kullum muna alfahari cewa saboda Kaka ne Iya ta zauna, kwano ɗaya suke ci har mutuwa. Ban taɓa tambaya ko tana da inda za ta ba. Sunan ma, wanda ya saye ta ne ya sa mata. Da kuka na hau bas.

Don Allah ki tambayi Kawu Sani ko Kaka ta taɓa faɗa masa sunan Iya na yanka. In bai sani ba, a yi mata addu'a ranar Juma'a haka nan. Allah ya san sunan da uwarta take kiranta da shi.

Ki gaishe da kowa, a sa mu a addu'a.

Ƙanwarki,
Hadiza