Rigar Fata Ce Ta Rufe Muryata

Zuwa ga ɗiyata Asma'u,

Assalamu alaikum. Barka da arziki. Yaya jego, yaya maigidan, yaya jaririyar? Ni da sauƙi, gwiwa ce dai ta hana ni masallaci, sai zaman zaure ni kaɗai.

Saboda ranar suna na rubuto. Kin ga bakina na motsi a kwamfuta ba ki ji komai ba, na ga kin fashe da kuka. Kwantar da hankalinki, harshena lafiya lau.

Malam Shehu na sakatariyar Tambuwal ya zo ya duba. Ya ƙara sauti, ya kashe ya kunna, ya ga makirufo a buɗe yake, duk da haka shiru. Da ya sa abin kunne mai igiya, sai ga muryata. Ya dube ni ya ce, "Baba, wa ya yi wa na'ura gafaka?" Ashe rigar fatar da na sa baduku ya ɗinka mata, yadda nika yi wa littattafaina, ita ta toshe 'yar kafar da magana ke shiga. Ya cire rigar, ya huda ta daidai wurin da basilla.

Damuwata ɗaya, addu'ar da na yi wa yarinyar ba ta kai kunnenta ba. Allah Ya ji, amma ina so ita ma ta ji, don ban sani ba ko zan ga zuwanku. Ranar Juma'a bayan la'asar ki matso da ita kusa, in sake.

Ki gai da maigidan, ki sa ni a addu'a.

Mahaifinki,
Abubakar