Ciyawar da Bature Ya Nome

Laraba, daga gida

'Yata Lamduwan,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da mijinki. Yaya aikin masana'anta, yaya ciwon bayan nan? Mu nan lafiya lau, ruwa ya sauka, an fara dashen shinkafa. Ki yi haƙuri da rubutun, kin san ban taɓa zama a aji ba, ɗan abin da sufayen haikali suka koya mini ne.

Tun shekarar babbar ambaliya, da muka kama kifi a ofishin makaranta, raina bai ɓaci irin na makon nan ba. Gobe ranar girmama malamai, kuma 'yarki Namfon aka zaɓa ta kai tiren furannin ajinsu ga Malam Kolin, Baturen da ke koyar da Turanci. Kin san yarinyar, ko gaisuwa sai an ciro ta daga bakinta. A ajinsa kaɗai take magana. Ta gaya mini in aka yi mata dariya gobe, ta bar makaranta ke nan, za ta biyo ki Rayong. Halina ta ɗauko, in ta faɗa ta faɗa.

To, ji abin da Baturen ya yi. Ranar Asabar, wai taimako, ya ɗauki fartanya ya nome kiri-kirin bayan tankin ruwa tas! Ciyawar da uwarki ta dasa da hannunta, wadda nake tsaro tun da na kama gadin makarantar nan, kuma ita ake sawa a tiren furannin. Har ya zo yana washe baki, wai "Baba, duba, tsaf!" Na ce, "Tsaf ɗin gidanku." Bai gane ba, ya yi mini godiya.

Shugabar makaranta ta ce in bari, a sayo furen roba a kasuwa. Na ce mata furen allura don kaifin kai ake sa shi, furen gauta don yana sunkuyawa, kiri-kiri don ana taka ta ba ta mutuwa. Furen roba don me? Ta ce, "Baba Tongsuk, kai dai da taurin kai." Na ce da shi ta same ni.

Ki gaida mijinki.

Mahaifinki,
Tongsuk

Alhamis da yamma

'Yata,

Ina sake gaishe ki, da fatan kin wuni lafiya. Wasiƙar jiya ba ta tafi ba, zan haɗa su.

Da safe na tona jujin da ya zubar da ciyawar, sai ga ta ta yi sabon tofo. Na tsinko muka ɗaura a tire.

An jera malamai a kujeru, yara suka rera yabo. Namfon ta taho bisa gwiwoyinta, tire a hannu, kai ka ce uwarki ce. Sai Baturen nan ya zamo daga kujera ya durƙusa a gabanta! Wai shi ba a durƙusa masa, kowa daidai yake da kowa. Lamduwan, ina aka taɓa ganin kan ɗaliba ya yi daidai da na malami? Yarinya ta ƙara sunkuyawa. Shi ma ya sunkuya. Ta kai ƙirji ƙasa, tire a sama. Na rantse miki shi ma ya shiga neman ƙasa, doguwar ƙafar nan ta ture kujera. Dariya ta taso daga 'yan baya. 

Ban san lokacin da na ratsa zauren ba, da tsintsiyata da komai. Na ɗaga kujera, na kama shi ta bel, na ɗora shi kamar buhun taki. Na ce, "Zauna, ɗan nan! Sai ka binne mini jika?" Zaure ya fashe, amma yanzu ni da shi ake wa dariya. Ita kanta yarinyar sai da ta toshe baki.

Ya karɓi tire, ya ga ciyawar, ya gane ta. Ya tambayi ma'anarta. Namfon ɗinmu, a gaban kowa, ta bayyana masa da Turanci, da ƙarfi. Ban ji ko kalma ba, amma fuskarsa ta koma barkono, hawaye shar. Ƙato guda!

Shugaba ta ce na zubar da mutuncin taro. Ta daɗe ba ta faɗa ba.

Kada ki gyara wa Namfon wurin kwana. Ta wanke rigar makaranta, ga ta can a igiya.

Amma abin haushi bai ƙare ba. Bayan an tashi, wai neman gafara, Baturen ya kwaso ciyawar daga juji ya dasa ta da hannunsa. A ina? A tsakiyar gautata, inda za ta shaƙe ta! Ya dawo duk taɓo, yana washe baki. Na buɗe baki, na dubi gwiwoyinsa, na rufe.

Ki gaida mijinki, Namfon na gaishe ku. Gobe da sassafe zan je in tumɓuke ciyawar in mayar bayan tanki, in bar masa 'yar kaɗan a gefe, kada ya zo ya rasa abin dubawa.

Mahaifinki,
Tongsuk